Dorugu Ɗan Dambanas: Yaron Da Ya Kai Hausar Damagaram Cikin Littafi

Duk lokacin da aka zauna lissafin mazan jiya na ƙasar Damagaram, sarakuna da mayaƙa da manyan malamai ake fara ambata, kuma sun cancanci haka. Amma akwai wani ɗan talaka wanda bai taɓa naɗa rawanin sarauta ba, bai ja runduna ba, sai ga shi sunansa ya je inda dawakin sarakunan zamaninsa ba su taka ba. Shi ne Dorugu. Ya dace a tuna da shi.

An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, arewa maso yamma da Magarya. Zamani ne na rashin kwanciyar hankali. Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Borno, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake kaiwa Kukawa. Tun daga Kance har ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Washa, manomi yakan fita gona da safe bai san ko zai kwana cikin iyalinsa ba. A irin wannan hali aka kama Dorugu yana yaro, aka raba shi da iyayensa, aka yi gabas da shi har Kukawa.

A can ne wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi, ya ƴanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a gaɓar Tafkin Chadi cikin watan Satumba na 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu cikin ayarinsa.

A ƙarshen wannan shekara ayarin ya sauka Zinder. Yaron da aka fitar daga ƙasar nan yana bawa ya dawo mata yana ɗa, amma bai zauna ba. Suka wuce Katsina, Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tambutu cikin Satumba na 1853, inda Barth ya yi watanni a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakkay. Daga nan suka juyo ta Kano zuwa Kukawa, suka ratsa hamada ta Bilma da Murzuk har Tarabulus. A watan Satumba na 1855 suka shiga birnin Landan. Dorugu bai wuce shekara goma sha biyar zuwa sha shida ba a lokacin.

A Ingila ya zauna a gidan wani limamin Kirista, Bajamushe, mai suna James Frederick Schön, a garin Chatham. Schön ya fara koyon Hausa tun a Saliyo daga bakin ƴantattun bayi, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa samun wanda zai zauna da shi dare da rana yana jin harshen yadda masu shi suke furta shi ba. A gidan nan Dorugu ya koyi karatu da rubutu, ya karɓi addinin Kirista, aka yi masa baftisma da sunan James Henry Dorugu. Shekara da shekaru suna zaune tare: yaro yana faɗa, dattijo yana rubutawa, ya tambaya, ya gyara.

Wannan zama ya haifi aiki mai yawa. Da taimakon Dorugu aka fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, ya buga ƙamus a 1876, sannan a 1885 ya fitar da Magana Hausa, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da labarai da kuma tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda ya bayar da bakinsa. Wannan tarihi yana cikin rubuce-rubucen Hausa na farko da aka buga da boko. Ke nan Turawa da yawa da suka fara koyon Hausa daga littafi, Hausar yaron Dambanas suka koya.

Abin lura a tarihin nasa shi ne inda ya faro. Bai fara da jiragen ruwa ko gine-ginen Landan ba. Da garinsu ya fara, da mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƴan'uwansa, da yadda gidansu ya watse. Bauta ta raba shi da su, ba ta fitar da su daga zuciyarsa ba. Da ya zo kan Turawa kuwa, kallon ido da ido ya yi musu: ya bayyana yadda suke zaman cin abinci da sauran al'adunsu dalla-dalla, kamar yadda su ma suke bayyana na mutanen Afirka a littattafansu.

A 1864 ya dawo Afirka. Ya daɗe yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa a yankin Kwara da Binuwai. Abokin ƙuruciyarsa Abbega, wanda ya riga shi dawowa, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Shi kuwa Dorugu hanyar ilimi ya riƙe. Sa'ad da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar a cikinta. Tsoho ne a lokacin, almajiransa kuwa malamai ne Musulmi da ƴaƴan sarakuna. Wanda aka taɓa yi wa ciniki a kasuwa, shi ne yake nuna wa ƴaƴan masu mulki baƙaƙe. Ya rasu a Kano a 1912. A 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fitar da tarihinsa cikin Ingilishi, duniya ta sake jin sunan Dambanas.

Yawancin jama'ar Magarya da Dungas ba addininsu ɗaya da Dorugu ba, amma harshensu ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Labarinsa kuma yana da nauyi a kan kowane mai riƙe da jama'a. A ranar da aka kama shi, babu wanda ya san abin da Allah ya ajiye a kan yaron nan. Shi ya dace da wanda ya fanshe shi, ya sa shi karatu. Dubban da aka kora tare da shi, ko sunayensu ba a sani ba. Yau babu mahara a kan dawakai, amma akwai yaran da yunwa da talauci suke fitarwa daga garuruwansu tun ba su iya rubuta sunansu ba. Darajar sarauta a shekara ɗari mai zuwa tana ga yawan waɗanda ta tsare a gaban iyayensu, ta zaunar a makaranta.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya raya zuri'a cikin ilimi. Amin.