Shihabuddin Ahmad Ibn Majid, Malamin Teku

A wannan mako za mu kawo tarihin wani malami wanda makarantarsa ba a zaure take ba, a cikin jirgin ruwa take, watau Shihabuddin Ahmad ibn Majid, Allah ya jiƙansa.

An haife shi wajen 1432 a Julfar, inda ake kira Ra'asul Khaima a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ubansa da kakansa duk mu'allimai ne, watau masu ja-gorar jirage a Bahar Maliya, tekun da ke cike da duwatsun ƙarƙashin ruwa, wanda ta cikinsa alhazai ke isa Jidda. A hannun ubansa ya koyi aikin, kana ya shafe shekaru masu yawa yana kai da kawo tsakanin Larabawa da Indiya da gaɓar Afirka ta Gabas.

Da dai iya tuƙi kawai ya tsaya, da ba mu san shi ba. Amma shi ya rubuta. A 866 Hijira, daidai da 1462, ya tsara Hawiyatul Ikhtisar, waƙa mai baiti sama da 1,000, domin matuƙi ya haddace, kamar yadda ɗalibanmu ke haddace ƙa'idojin nahawu a waƙe. A 895, watau 1490, ya kammala babban littafinsa, Kitabul Fawa'id, mai babi 12. A ciki ya yi bayanin manzilolin wata guda 28, waɗanda malaman hisabi na ƙasar Hausa ke lissafin damina da su, da fuskoki 32 na kamfas, da lokutan da iska ke juyawa, domin wanda ya makara barin Indiya sai ya jira baɗi. Ya nuna yadda ake auna tsayin tauraron arewa daga bakin ruwa da ma'aunin yatsa, a gane inda jirgi yake ko da babu tudu a gani. Abin da ya fi burge mu shi ne bai yarda da maganar magabata ba sai ya jarraba ta a teku, inda ya ga kuskure kuwa ya gyara.

Akwai tabon da aka shafa masa. Wani marubucin Makka na ƙarni na 16, Ƙuɗubuddin Nahrawali, ya ce shi ya nuna wa Turawan Fotugal hanyar Indiya, Bafaranshe Ferrand kuma ya yayata cewa shi ne ja-goran da Vasco da Gama ya ɗauka a Malindi a 1498. Zargi ne mai nauyi, domin zuwan Fotugal ya jawo wa fataucin Musulmi a tekun babbar hasara. To amma marubutan Fotugal sun ce ja-goran mutumin Gujarat ne, kuma Tibbetts, wanda ya fassara Fawa'id zuwa Turanci a 1971, ya ƙaryata labarin. Mu ma nan muka tsaya.

Ya rasu wajen 1500. Sulaimanul Mahri ya ɗora a kan aikinsa, kana sarkin jiragen Turkawa Sidi Ali Ra'is ya ɗebo daga littattafansu a cikin Muhit a 1554. Bayan shekara 300 da wannan, Bature Richard Burton ya ba da labarin cewa matuƙan Adan na karanta wa Shaihu Majid Fatiha kafin su shiga teku.