Abdullahin Gwandu: Malamin da ya ƙi zama jagoran ɓangare

Daga Tambuwal zuwa Gwandu tafiya ce 'yar kaɗan, kuma mutanen wannan yanki, har zuwa Kebbe da Fakku, sun tashi da jin sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Galibi ana tuna shi da ilimi da jarumta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda sau biyu ya samu damar jan nasa ɓangare, ya ƙi.

An haife shi wajen 1766. Ya yi karatu wurin yayansa Shehu Usmanu da kuma Malam Jibrilu ɗan Umar. Yana cikin manyan kwamandojin Tabkin Kwatto a 1804, ya kuma ga asarar da aka yi a Alwasa a 1805.

Wajen 1807 ransa ya ɓaci. Ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun karkata ga ganima da sarauta da dawakai. Bai kau da kai don nasa ne suka yi ba, bai kuma tara mabiya ya ja daga da ɗan'uwansa ba. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. A Kano mutane suka riƙe shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya komo gida. Samun mai faɗa wa nasa gaskiya irin haka yana da wuya a yau, inda laifin ɗan jam'iyyarmu kan zama ƙarya tun kafin a bincika.

Jarrabawa mafi girma ta zo a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a kafin Abdullahi ya iso, kuma riwayoyi sun nuna ya tarar da ƙofar gari a rufe. Shi ne ƙanin Shehu, shi ke riƙe da yammacin daular tun rabon 1812, ga almajirai ga mayaƙa. Da ya nemi yaƙi da ya samu masu zuga shi. Ya koma ɓangarensa, zumunci ya yi sanyi na 'yan shekaru, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan yayansa ba. Da tawayen Kalambaina ya matsa masa wajen 1820, Bello ya kawo ɗauki da kansa, a nan Abdullahi ya amince da shugabancinsa.

Cikin littattafansa akwai Misbahur Rawi, kan ilimin hadisi, fannin da ke tambayar wa ya faɗi magana, daga wa ya ji, kuma amintacce ne ko a'a. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba sunan mai shi, ko hoton da aka ɗora a Facebook ba kwanan wata, ba zai tsallake ko tambayar farko ba.

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, wanda gidan sarautar Tambuwal ke dangantawa da shi, ya duƙufa kan karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu wajen 1829, kuma har yanzu ana karanta tafsirinsa Diya'ut Ta'awili a zaurukan malamai.