Imam Abu Hanifa, Ɗan Kasuwar da Ya Zauna da Masu Musun Allah

A wannan Juma'a mun ɗauko tarihin Imam Abu Hanifa, Allah Ya yi masa rahama. Yawancinmu Malikawa ne, amma wannan bawan Allah namu ne ta wata fuska. Ɗan kasuwa ne mai shago, kuma ya rayu a garin da ya tara mutane iri-iri, har da masu cewa babu Allah.

Sunansa Nu'umanu ɗan Sabitu. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 80 bayan Hijira. Kakanninsa ba Larabawa ba ne, daga ɓangaren Farisa suka zo, wato baƙi ne kamar yadda muke a nan Kudu. Sana'ar gidansu sayar da yadin alharini, kuma a kanta ya taso. Wata rana babban malami Sha'abi ya gan shi yana kai da kawo a kasuwa, ya lura yaro ne mai kaifin basira, sai ya ba shi shawarar ya riƙa zama da malamai. Ya ɗauki shawarar, amma bai rufe shago ba.

Da farko ilimin aƙida da muhawara ya sa a gaba. An ce ya je Basra fiye da sau ashirin don tattaunawa da ƙungiyoyi masu saɓani. Daga baya ya lizimci Hammadu ɗan Abi Sulaimanu yana karatun fiƙihu shekara 18, har malamin ya rasu a shekara ta 120, aka zaunar da shi a mazauninsa.

A zamanin akwai wasu da ake kira Dahriyya. Su a ganinsu duniya haka take tun fil'azal, babu wanda ya yi ta, kuma shuɗewar zamani ce kawai ke kashe mutum. Alƙur'ani ya ambaci masu irin wannan magana a Suratul Jasiya, ka ga abin ba yau ya fara ba. Malamai suna kawo labarin cewa wasu daga cikinsu sun zo wa Imam da jayayya. Bai zage su ba, bai tara musu jama'a ba. Sai ya nemi su gaya masa ra'ayinsu kan wani jirgin ruwa a kogin Dijla, wanda ke loda wa kansa kaya, ya ratsa ruwa, ya sauke, ya komo, babu matuƙi babu ma'aikaci. Suka ce hankali ba zai ɗauka ba. Daga nan ya nuna musu cewa idan jirgi ɗaya bai tafiya haka, to ina ga sama da ƙasa da dare da rana? A yau ma iya cewa tirelar tumatir ta taso daga Kano ta iso Mile 12 babu direba. Hujja ce ta ɗan kasuwa, daga abin da kowa ke gani ya ɗauko ta. An ruwaito cewa da Imam Malik ya haɗu da shi, ya yabi ƙarfin hujjarsa ƙwarai.

Duk da wannan ƙwarewa, da ya ga ɗansa Hammadu yana muhawara sai ya hana shi. Yaron ya yi mamaki, tunda uban ma ya yi. Imam ya bayyana masa bambancin: su a lokacinsu suna magana ne cikin tsoron kada abokin jayayya ya zame ya halaka, su kuwa yaran suna yi ne suna fatan ya zame don a ce sun kayar da shi. Nan fa ya kamata mu tsaya mu duba kanmu.

Halinsa a kasuwa ma hujja ne. Ya taɓa ba abokin kasuwancinsa Hafsu ɗan Abdurrahman kaya, ya ja masa kunne cewa akwai yadi mai aibi, ya nuna wa mai saye. Hafsu ya manta ya sayar. Da aka rasa mai sayen, Imam ya sadakar da kuɗin kayan duka. Yana kuma da maƙwabci mashayi mai damunsa da waƙa cikin dare. Ranar da aka kama mutumin, Imam da kansa ya je wurin gwamna ya nemo masa saki, kuma aka ce sanadin tubansa ke nan.

Sassaucinsa ba na tsoro ba ne. Gwamnan Kufa Ibnu Hubaira ya sa an yi masa bulala saboda ya ƙi karɓar muƙami. Halifa Mansur ma ya tsare shi a Bagadaza saboda ya ƙi alƙalanci. A can ya rasu a shekara ta 150, yana da shekara 70. Almajiransa irin su Abu Yusufa da Muhammadu Shaibani suka yaɗa iliminsa.

To 'yan'uwa, yaranmu suna makarantu, waya tana hannunsu, suna jin maganar masu musun Allah. Wani zai dawo gida da tambaya mai nauyi. Idan amsarmu mari ce ko kora, ba zai sake tambayarmu ba, wani zai je ya tambaya, kuma ba mu san wa zai samu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya yi da ƙarfin tsiya karya shi zai yi. Mu saurari yaro har ya gama. Abin da ba mu da amsarsa mu kai shi wurin Liman. Wanda kuma muka yi jayayya da shi a kasuwa ko a unguwa, babu zagi babu ɗaga hannu, shiriya ta Allah ce. Zai manta rabin abin da muka faɗa, amma ba zai manta yadda muka auna masa mudu ba.

Allah Ya jiƙan Imam, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu cika da imani. Juma'a mai albarka.