Audu Bako Da Ruwan Tiga

An haifi Marigayi Alhaji Audu Bako a Kaduna cikin 1924. Ya yi aikin ɗan sanda, ya riƙe Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya rasu cikin 1980.

A zamaninsa, da damina ta wuce sai manoma su tafi ci-rani. Saboda haka ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga. Injiniyoyi suka auna tudu da gangare, suka lissafta faɗi da zurfin kowace magudana, har ruwa ya riƙa gangarowa da kansa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Da awon ya kuskure, da ruwan ya tsaya a hanya, ko kuwa ya zaizaye magudanar.

Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa su ne shaidarsa. Allah ya ji ƙansa, amin.