Tarihin Magabata: Nana Asma'u 'yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu kawo tarihin wata malama wadda ta ba da rayuwarta ga karantar da waɗanda karatu ya bari a baya.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekara ta 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta Nijar, sunan mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wuyar yaƙi da yunwa tare da jama'a. Duk da haka karatunta bai tsaya ba, domin Shehu ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke koyar da almajiran waje, su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da bayin da aka kamo a yaƙi. Mafi yawansu ba su san harafi ba, ba su jin Larabci, da yawa kuma bori suke komawa idan cuta ta zo. Asma'u ba ta ɗauke su marasa fahimta ba. Ta lura cewa abin da ya hana su karatu shi ne nisa da harshe da ɗawainiyar gida, sai ta magance kowanne.

Game da harshe, ta mayar da darasi waƙe a cikin Hausa da Fulatanci, don mace ta haddace tana daka ko kaɗi. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe guda, ta kuma fassara waƙar mahaifinta zuwa Hausa da sunan Tabbat Haƙiƙa. Game da nisa, a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kafa tsarin 'Yan Taru. Daga ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai amana, a naɗa ta jaji, Asma'u ta ba ta malfa da jan rawani, alamar da talakawa suka riga suka san girmanta a kan Innar Gobir. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ba su iya tafiya. Abin da suka kawo na zuma da hatsi da zane, sai ta raba wa mabuƙata.

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, tsarin kuwa ya wanzu har bayan zuwan Turawa a 1903.

To, 'yan'uwa, ina darasinmu? A lakwal ɗin gwamnati da madarasa akwai yaron da ke zaune a ƙarshen aji, ya zo daga ƙauye bai taɓa jin Faransanci ba. Akwai yarinyar da talla ke cinye mata safiya, akwai gurgu da mai raunin ji. Sau da yawa akan yanke musu hukuncin daƙiƙanci, su maimaita aji, daga nan su bar karatu gaba ɗaya. Hanyar Asma'u ita ce a fara binciken abin da ya tare yaro kafin a zarge shi. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, bisa wannan fahimta cewa yaro da harshen uwarsa yake fara ganewa.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta su matso da mai rauni gaban allo, su haɗa shi da ɗan'uwansa mai ƙoƙari ya zama masa jaji, su kuma ziyarci gidan wanda ya daina zuwa. Iyaye kuma kada su cire yaro don ya faɗi jarrabawa sau ɗaya. Yaran nan amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya buɗa ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. Amin.