Taƙaitaccen Tarihin Michael Imoudu, Jagoran Ma'aikatan Nijeriya

Idan aka ce mu lissafa mutanen da suka yi fafutukar karɓo ƙasar nan daga hannun Turawa, nan da nan za mu ambaci Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Azikiwe da Awolowo, domin su muke gani a littattafan tarihi, wasunsu har a jikin takardun kuɗi. Ni kuwa na zaɓi in kawo muku labarin wani mutum wanda bai taɓa zama gwamna ko minista ba, bai kuma yi karatu mai zurfi ba, amma ya jagoranci leburori suka tsayar da jiragen ƙasa cik har Turawan mulki suka rasa inda za su sa kansu. Sunansa Michael Imoudu.

An haife shi a shekarar 1902 a Ora, cikin ƙasar da a yau take Jihar Edo. Mahaifinsa soja ne a rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma. Bayan rasuwar mahaifin sai ya koma hannun wani ɗan'uwansu mai aikin gyaran waya, ya riƙa bin sa gari-gari duk inda aka yi masa canjin wurin aiki. Saboda wannan yawo karatunsa ya yi ta tsinkewa, bai gama firamare ba sai a 1927 a garin Agbor, yana da shekara 25 a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya ba wasunmu kunya, mu da muke ƙorafi idan an ce mu maimaita aji ɗaya. Daga nan ya nufi Ikko neman abinci. Ya ɗan taɓa aiki a ma'aikatar gidan waya, sa'an nan ya koma reluwe, inda ya shiga koyon aikin sassaƙa ƙarfe da inji a babban wurin gyaran jirage na Ebute Metta.

Ya shiga aikin ne a mugun lokaci. A 1929 kasuwar duniya ta karye, abin ya faro daga Amurka ya game ko'ina. Farashin gyaɗa da auduga da koko da manja ya faɗi warwas, kuɗin shigar gwamnatin mulkin mallaka ya ragu, sai ta shiga tsuke bakin aljihu. To, amma aljihun wa aka tsuke? An sallami ma'aikata da yawa, an rage wa wasu albashi, leburori kuwa ga su nan a kan biyan yini, ba hutu, ba fansho, ranar da ba ka zo ba babu ko anini. Alhali kuwa Baturen da ke tsaye a kansu yana da gida da hutu zuwa Ingila. A cikin wannan hali Imoudu ya shiga ƙungiyar ma'aikatan reluwe, ya yi ta hawa har ya zama shugabanta. Da gwamnati ta yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1938, ƙungiyarsa ce ta fara yin rajista a Nijeriya, a watan Janairu 1940, aka ba ta lamba ta ɗaya.

Kafin nan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Jiragen ruwa suka daina kawo kaya kamar da, gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya, gwamnati ta matsa wa manoma da 'yan haƙar kuza su ƙara ƙoƙari saboda yaƙi. A Ikko aka ƙayyade farashin abinci a ƙarƙashin wani Bature mai suna Kyaftin Pullen, sai garin rogo ya ɓace daga kasuwa ya koma bayan fage da tsada. Albashi kuwa yana nan inda yake.

A 1941 hukumar reluwe ta fito da wata dabara, ta ce daga yanzu za a riƙa biyan ma'aikata bisa awa maimakon yini. Da ma'aikata suka zauna suka yi lissafi sai suka ga rage musu kuɗi aka yi ta bayan gida. Suka ƙi. A ƙarshen watan Satumba suka zo aiki suka tarar an rufe musu ƙofa. Imoudu bai tsaya rubuta takardar koke ba, sai ya shige gaba, dubban ma'aikata suka bi shi a ƙasa tun daga Ebute Metta, suka haye gada suka shiga tsibirin Ikko, har gidan Gwamna Bourdillon. Mutanen gari suka fito suka bi sahu. Gwamna ya saurare su, aka soke biyan awa. Tun daga ranar sunan Imoudu ya shiga bakin kowa. Ba ya kuma fita irin wannan taro da kwat da wando kamar akawuna. Shigar mayaƙan ƙasarsu yake yi, da layu a jiki, har leburori suka ɗauka ba abin da ke kama shi. Ni dai a ganina ya fahimci wani abu da 'yan boko na zamaninsa ba su fahimta ba, watau lebura ba zai bi mutumin da yake jin kunyar a gan shi da shi ba.

Bayan wannan sai ƙungiyoyi suka haɗa kai suka nemi a ba su kuɗin tsadar rayuwa, wani ƙari ne a kan albashi gwargwadon yadda kaya suka hau. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Bridges, a 1942 aka ba da ƙarin. Amma Turawa ba su manta da wanda ya ja gaba ba. A watan Janairu 1943 aka kore shi daga aiki, aka kama shi da dokar yaƙi wadda ta ba Gwamna ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Aka kai shi kurkukun Benin, daga baya aka yi masa ɗaurin talala a garin Auchi. Ya fi shekara biyu a haka. Sai da yaƙi ya ƙare a Turai a watan Mayu 1945 aka sake shi, ya iso Ikko a farkon watan Yuni, jama'a suka yi masa tarba irin ta sarki.

Ya dawo ya tarar tukunya tana tafasa. Tun 1942 ba a sake duba kuɗin tsadar rayuwa ba, kaya kuwa sun yi ta hawa. Ma'aikata sun rubuta wa gwamnati suna neman a ƙara kashi 50 cikin 100 a kan wannan kuɗi, a kuma mai da mafi ƙarancin ladan lebura sule 2 da sisi a yini, watau dala da sisi. Amsar gwamnati ita ce babu kuɗi, kuma ko an ƙara albashi ba zai yi amfani ba, domin kayan da za a saya ba su da yawa, 'yan kasuwa za su ƙara farashi ne kawai. Gaskiya wannan magana ba shirme ba ce gaba ɗaya, duk wanda ya yi darasin tattalin arziki ya san idan kuɗi suka yi yawa kaya suka yi kaɗan, tsada ce ke biyo baya. Abin da ya ɓata hujjar shi ne, a daidai wannan lokaci gwamnatin tana biyan ma'aikatanta Turawa wasu kuɗaɗen alawus saboda iyalansu da ke Ingila. In babu kuɗi, ai babu ne ga kowa. Ba a cewa yaro ya yi haƙuri da yunwa alhali yana ganin ana kai akushi ɗakin baƙo.

Ma'aikata suka ba da wa'adi zuwa 21 ga Yuni. Da ranar ta matso sai gwamnati ta ja kunne cewa yajin aikin ya saɓa wa doka, duk wanda ya shiga zai rasa aikinsa da haƙƙoƙinsa. Shugabannin babbar ƙungiya, ciki har da T. A. Bankole, suka ji tsoro, suka nemi a ɗaga da mako biyu. A nan ne Imoudu ya raba gari da su. Ya tsaya a gaban taron ma'aikata ya nuna musu cewa lokacin lallashi ya wuce, taro kuwa ya bi shi. Ranar 22 ga Yuni 1945 aiki ya tsaya. Ma'aikata fiye da 30,000 suka ajiye kayan aiki: na reluwe, na tashar jiragen ruwa, na gidan waya, na ma'aikatar ayyuka da na ɗab'i. Ku tuna a wancan zamani hanyar jirgin ƙasa ita ce jijiyar ƙasar nan, ta kanta gyaɗar Kano da kuzar Jos ke isa bakin teku. Da ta tsaya, sai ka ce an shaƙe gwamnati a wuya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan labari shi ne yadda mutanen da ba su da albashi suka ɗauki nauyin masu albashi. Matan kasuwar Ikko, a ƙarƙashin shugabarsu Alimotu Pelewura, suka riƙa taimakon masu yaji da abinci, masu gidajen haya da yawa suka ɗaga wa 'yan hayarsu ƙafa, aka kuma yi ta tara gudummawa. Ba don haka ba, da yunwa ta mai da mutane bakin aiki cikin mako guda, domin leburan da ke cin na yau ya nemi na gobe ba shi da ajiya. Herbert Macaulay da Azikiwe suka goyi bayansu, har gwamnati ta hana buga jaridun Azikiwe biyu, West African Pilot da Daily Comet, a watan Yuli. Aka kama wasu shugabannin aka kai su kotu. Duk da haka ba a koma aiki a Ikko ba sai farkon Agusta, bayan kwana 44. Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike a ƙarƙashin Tudor Davies, shi kuwa a rahotonsa na 1946 ya ba ma'aikata gaskiya, aka yi ƙarin kashi 50 ɗin da aka ce babu kuɗinsa.

A 1946 Imoudu yana cikin tawagar jam'iyyar NCNC da ta zagaya ƙasa don nuna rashin yarda da tsarin mulkin Gwamna Richards. A wannan tafiya ce ciwo ya kama Macaulay a Kano, aka mai da shi Ikko ya rasu.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarun da suka biyo baya ba su yi kyan na farko ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta rabewa, yau a haɗe gobe a watse. Rigimar farko a kan ko ya dace ƙungiya ta jingina da jam'iyyar siyasa ce, ta baya kuma a kan ko a bi ƙungiyoyin ƙasashen Yamma ko na ɓangaren Rasha. Imoudu yana ɓangaren masu ra'ayin gurguzu, kuma mutum ne mai kafiya, wanda ya fi iya tsayawa gaban taro a kan zaman teburin sulhu. Ina ganin yana da nasa kason na laifin wannan rarrabuwa. Kafiyar da ta yi amfani a gaban Bature ita ce ta zama matsala a tsakanin 'yan'uwa.

Sai dai wuya ta sake haɗa su bayan samun mulkin kai. Ma'aikata suka ga ministoci na shiga manyan motoci, su kuwa albashinsu na nan kamar na zamanin Turawa. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kafa kwamitin Mai Shari'a Morgan a 1963 don ya duba albashi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa, gwamnati ta yi ta jan ƙafa, da ta tashi magana kuma sai ta yi tayin abin da bai kai shawarar kwamitin ba. Ranar 1 ga Yuni 1964 aka shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, Imoudu da Wahab Goodluck da Alhaji H. P. Adebola suna gaba. Firayim Minista ya yi jawabi ta rediyo ya ba da wa'adin komawa aiki, ba wanda ya koma. Bayan kusan mako biyu gwamnati ta sauko aka daidaita. A lokacin Imoudu ya haura shekara 60.

Mulkin soja bai yi masa da sauƙi ba. Gwamnatin soja ta kafa kotun bincike ta Mai Shari'a Adebiyi a 1976, a shekara mai bi kuma aka haramta wa shugabanni 11 shiga harkar ƙwadago, har da shi. Aka rushe tsofaffin ƙungiyoyi aka kafa NLC a 1978, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Tsoho bai koma gida ya zauna ba. Ya shiga jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ya zama mataimakin shugabanta, kuma da jam'iyyar ta rabu biyu, shi ya shugabanci ɓangaren da gwamnoni Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suke ciki, waɗanda iyayenmu suka sani da 'yan santsi. Gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981.

Allah ya ba shi tsawon rai har ya ga abin da ya yaƙa yana saurayi ya dawo da sabon suna. Ya ga yajin aikin 1981 wanda ya kawo mafi ƙarancin albashi na Naira 125. Ya ga tsuke bakin aljihun Shugaba Shagari na 1982 bayan faɗuwar farashin man fetur. Ya ga shirin SAP na Janar Babangida daga 1986, lokacin da darajar Naira ta zube aka yi ta sallamar ma'aikata, da kuma zanga-zangar da ɗalibai suka jagoranta a kansa a 1989. A 1992 gwamnatin soja ta sa sunansa a cibiyar nazarin harkokin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilori, shekara 15 bayan wata gwamnatin soja ta hana shi taɓa harkar.

Ya rasu ranar 22 ga Yuni 2005 yana da shekara 102, shekara 60 cif daga ranar da jiragen ƙasa suka tsaya a Ebute Metta.