BABA BODELSHWING DA GIDAN BETEL

A wannan wata muna so mu kawo wa masu karatu labarin wani bawan Allah na ƙasar Jamus, Firedirik fon Bodelshwing, wanda ya zauna shekara 38 tare da masu farfaɗiya da masu raunin hankali, har suka riƙa kiransa Baba.

An haife shi ran 6 ga Maris 1831. Ɗan babban gida ne, gama ubansa ya riƙe ma'ajin mulkin Furusiya, shi kuwa yana yaro ya yi wasa tare da ɗan sarki, wanda daga baya ya zama Sarki Firedirik na Uku. Da ya girma ya koyi aikin gona, aka sa shi wakilin wata babbar gona. A can ya fara ganin wahalar talakawa da idonsa. Sa'an nan Ubangiji ya kira shi, ya tafi ya koyi Maganar Allah. A 1858 ya je birnin Faris ya yi hidima a cikin Jamusawa matalauta masu sharar titi. A 1864 ya koma ƙasarsu ya zama fasto a wani ƙauye mai suna Delwig.

A wannan ƙauye ne Allah ya bi da shi ta cikin wuta. Cikin watan Janairu 1869 ciwo ya shiga gidansa, 'ya'yansa huɗu duka suka mutu cikin mako biyu. Shi da matarsa Ida suka koma gida wayam. Wanda ya taɓa binne ɗa guda ya san nauyin abin, balle huɗu. Amma bangaskiyarsu ba ta fāɗi ba. Tun daga lokacin kuwa zuciyarsa ta yi taushi ƙwarai ga 'ya'yan waɗansu, musamman waɗanda duniya ta juya wa baya.

A 1872 aka roƙe shi ya shugabanci wani ƙaramin gida na masu farfaɗiya kusa da garin Bilefeld, wanda aka buɗe a 1867. A zamanin nan mai farfaɗiya ba ya samun aiki, ba a karɓarsa a makaranta, danginsa ma sukan ɓoye shi don kunya. Ba dukan mai farfaɗiya ke da raunin hankali ba, amma da yawa cikin waɗanda aka kawo suna da shi, waɗansu ma ko magana ba su iya ba. Maganin da a ke da shi a lokacin sai dai ya rage fāɗuwa. Saboda haka Bodelshwing ya ga cewa mutanen nan za su daɗe a hannunsa, waɗansu har mutuwa, kuma abin da su ke bukata shi ne gida. A 1874 aka sa wa wurin suna Betel, watau Gidan Allah, kamar wurin da Yakubu ya yi mafarki cikin Farawa sura 28.

Ga yadda ya shirya zaman. Bai tara su cikin babban gini guda ba. Ya gina gidaje da dama, kowane gida da uban gida da uwar gida, ana ci tare, ana sujada tare safe da yamma. Gidajen kuwa sunayen Littafi Mai Tsarki gare su: Zarefat na mata masu hidima, Nazarat na maza masu hidima, Batmusa na yaran da rauninsu ya fi tsanani.

Ya kuma nace kowa ya sami aiki daidai ƙarfinsa. Akwai gona da lambu, da sassaƙa, da ɗinkin takalma, da toya burodi. Wanda bai iya sana'a ba ya iya ɗaukar kaya ko share tsakar gida. A 1890 suka fara karɓar tsofaffin tufafi da tarkacen da mutane ba su so, bisa ga yadda Ubangiji ya sa a tattara gutsattsarin gurasa cikin Yohanna sura 6, mazaunan Betel suna tsincewa suna gyarawa ana sayarwa. Shi kansa Bodelshwing bai ji kunyar roƙo dominsu ba. Ya rubuta wa manya da talakawa, ya karɓi kyautar sarki, ya karɓi anini na gwauruwa, ya yi godiya ga kowa.

Abin da ya fi taɓa zuciyarmu shi ne ɗakin sujadarsu, mai suna Sihiyona. Ɗan sarkin nan abokin wasansa ya sa harsashinsa a 1883, aka buɗe shi a 1884, marasa lafiya da kansu suka taya ɗaukar kayan gini. A gefe aka yi 'yan ɗakuna, domin idan farfaɗiya ta kama wani cikin sujada a kwantar da shi can har ya farfaɗo, jama'a kuwa su ci gaba da waƙa. Ba a ce wa kowa ya zauna a gida don kada ya dami taro ba. Su ne jama'ar wurin, tare da masu yi musu hidima.

Ya yi barci cikin Ubangiji ran 2 ga Afrilu 1910, ya bar wajen mutum 2,000 a hannun Betel. Ɗansa, wanda shi ma sunansa Firedirik, ya gaje shi. A zamaninsa babban gwaji ya zo. Cikin 1940 da 1941 gwamnatin Hitler ta kashe marasa lafiya da masu raunin hankali fiye da 70,000, tana cewa rayuwarsu ba ta da amfani. Da aka aiko da takardun da za a rubuta sunayen mutanen Betel, sai shi da ma'aikatansa suka ƙi cikawa, yawancin mazaunan kuwa suka tsira. Amma ba za mu ɓoye laifi ba: a Betel ɗin nan an bi dokar gwamnati, an yi wa fiye da mutum 1,000 aikin hana haihuwa dole. Ko gidan da aka kafa da addu'a yakan yi tuntuɓe idan ya fara auna mutum da ma'aunin duniya.

To, 'yan'uwa, mu fa? Kusan kowace ekklesiyarmu tana da yaro ko babba wanda a ke kira wawa ko gaula, yara suna tsokanarsa, uwarsa tana barinsa a gida ran Lahadi. Waɗansunmu har yanzu suna gudun mai farfaɗiya, alhali kuwa ba a ɗaukar ciwon nan daga wani, kuma yanzu akwai magani a asibiti mai taimakon da yawa. Manzo Bulus ya koya mana cikin 1 Korantiyawa sura 12 cewa jiki ba ya iya rabuwa da gaɓoɓin da a ke gani raunana ne. Ba mu da kuɗin gina Betel, amma muna da benci cikin ɗakin sujada, muna da gonar ekklesiya, muna da akushi. Bari dattawa su ziyarci irin wannan gida cikin wannan wata, su tambayi sunan yaron, su zo da shi sujada, su ba shi wani ɗan aiki. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.